Tarin takina ya fi ƙarfina, har maƙwabci ya kai ƙara

Malam, sallama da fatan alheri. Ina da ɗan lambu a bayan gidanmu a wajen Zariya, ta ɓangaren Galma, inda nake yin tumatir da attaruhu da latas da rani. Bana tsadar takin zamani ta sa na ce bari in haɗa nawa. A watan Agusta na ranci kuɗi na sayo kashin kaji a-kori-kura biyu, na haɗa da sharar 'yan gwari da ɗanyar ciyawa da tokar murhu, na jibge wuri ɗaya. Tarin ya fi ni tsayi, faɗinsa ya kai taku 5. Yau wata biyu ke nan, ba abin da yake yi sai wari da tara ƙudaje, ga wani baƙin ruwa yana tsiyaya daga gindinsa. Na gwada juya shi ni kaɗai, na yi kwana uku a kwance da ciwon baya. Maƙwabcinmu ya kai ƙara wajen mai unguwa, maiɗakina ta daina shanya a tsakar gida, mahaifina kuwa kullum sai ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ana juya kashi kamar ana tuƙa tuwo ba, in kwashe in watsa a fangali kawai. Ga dashe ya matso. In bi maganarsa, ko in sa a kwashe a zubar in haƙura da kuɗina?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan. Kada ka zubar, kuma kada ka watsa shi a fangali yadda yake. Kuɗin da ka ranto suna nan a cikin tarin, sai dai kullum suna raguwa: wasu suna tashi sama, su ne warin da maƙwabcinka yake shaƙa, wasu kuma suna bin baƙin ruwan nan zuwa kwata. Shaƙewa takinka ya yi, kuma ana ceto shi.

Bari in fara wanke ka daga zargin ragwanci, don na san abin yana cin ka a rai. Tarin da ya fi mutum tsayi, faɗinsa taku 5, ga shi jiƙe sharkaf, ba zai gaza tan 5 ba. Buhun siminti 100 ke nan. Wa ka taɓa gani ya ɗaga nauyin buhu 100 da shebur shi kaɗai, ya kuma tashi garau washegari? Tun ranar da ka yi shi tsauni ka ɗaure kanka, domin tsauni ba ya juyuwa, kuma ba ya numfashi.

Abin da ke mayar da shara taki wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma masu aikin kirkin cikinsu iska suke buƙata kamar ni da kai. Kai kuwa duk kayan da ka tara masu laushi ne masu ruwa: kashin kaji, ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji, ɗanyar ciyawa. Ba kara, ba busasshen ganye, ba abin da zai bar 'yan ƙofofi a tsakani. Sannan markar Agusta ta sauka a kai, nauyin sama ya danne na ƙasa, tsakiyar ta dawo kamar taɓo. Masu numfashi suka mutu, masu aiki ba iska suka karɓi wurin, kuma su aikinsu sannu ne ga ɗoyi. Je ka tsaya kusa da shi ka saurari hancinka, za ka ji wari iri biyu. Akwai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wannan na rashin iska ne. Akwai kuma zarni mai shiga ido har ya sa hawaye, wannan naitirojin ne yake guduwa, wato ainihin abin da ake biyan kuɗi a saya a buhun yuriya. Tokar da ka zuba ta ƙara iza shi. Toka 'yar'uwar kanwa ce, in ta haɗu da ɗanyen kashin kaji sai ta kori naitirojin ɗinsa ya bi iska. Daga yau a riƙa tara maka ita daban a tsohon daro, ka barbaɗa ta a fangali in lokaci ya yi.

Amma kafin ka taɓa shebur, ka je wajen maƙwabcinka. Yana da gaskiya, kuma ka faɗa masa haka da bakinka. Mutumin da yake cin tuwo ƙudaje suna sauka a miya ba ruwansa da tsadar takin zamani. Kada ka aika, kada ka jira mai unguwa ya kira ku. Ka roƙi Baba ya raka ka bayan magariba, ku gaisa, ka ba da haƙuri, sannan ka gaya masa abin da za ka yi da ranar da za ka yi shi. Kada ka ɓoye masa cewa ranar da za a fasa tarin warin zai fi na kullum, kwana ɗaya ko biyu, daga nan ya fara lafawa. Ka bar shi ya zaɓi ranar tare da kai, kada ta faɗo Juma'a ko ranar da ake suna ko biki a gidansa. Daga nan ku biya wajen mai unguwa ku shaida masa an daidaita. Gara haka da duba-gari ya zo ya ba ka wa'adin kwana uku ka kwashe. Maiɗakinka ma ta cancanci irin wannan bayani, ita ce ta fi kowa shaƙa.

Ka yi sa'a yanzu kaka ce, maganin ciwon tarinka yana zube a gonaki. Kana buƙatar busassun kaya masu yawa: karan masara da na dawa, busasshiyar ciyawa, ganyen bishiya da ya zube, ƙaiƙayi, buntun shinkafa daga wajen masu injin casa. Masana suna cewa a nemi kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a busassun kaya, kashi 30 a kan naitirojin kashi 1. Kashin kaji zalla bai wuce wajen 10 a kan 1 ba, kara ya ninka haka sau da yawa, dusar katako kuma ta haura ɗaruruwa. Ba sai ka riƙe lissafin ba. A irin jiƙaƙƙen kayan da kake da su, duk baro ɗaya na tsohon tarin ka haɗa shi da baro biyu na busasshe. Karan a daddatse shi da adda kamar tsawon tafin hannu, in ba haka ba ranar juyi zai riƙa sarƙe maka. Buntu yana jinkirin ruɓewa, amma ba abin da ya kai shi buɗe tari. Harawa kam a bar wa dabbobi, asara ce a zuba ta a taki. Ka kiyayi wuta-wuta da ta riga ta yi 'ya'ya, da saiwar kiri-kiri da aya-aya, waɗannan wuta ce maganinsu.

Ranar fasawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ka kira gayya, mutum 4 ko 5, ka tanadi koko da ƙosai, a fara da sanyin safiya. Kowa ya sa takalmi rufaffe, ya ɗaure hanci. Sharar kasuwa ba ta rasa fasasshiyar kwalba da ƙusa da reza, don haka wanda ya yanke kada ya shafa ƙasa ya ci gaba, ya wanke da sabulu ya je a yi masa allurar tetanus. A ajiye buhu gefe ana tsince leda da batir da kwalabe. A kuma riƙa buga damin kara kafin a rungumo shi, kunama da maciji suna son wurin.

Abin da za ku gina kunya ce, ta noma nake nufi, waccan ta wajen maƙwabci ka riga ka sha ta. Doguwar kunya, faɗinta mita ɗaya da rabi, tsayinta iya ƙirjinka, tsawonta kuwa duk inda kayan suka ƙare. Ka zaɓi wuri mai ɗan tudu, mai inuwa in akwai, nesa da katangar maƙwabci, nesa da rijiya, kuma ba ta inda ruwa zai gangara cikinta ba. Wannan girman ba kawai aka zaɓe shi ba. In tari bai kai mita ɗaya ta kowane gefe ba, ba ya riƙe zafi. In ya wuce mita ɗaya da rabi sosai, iska ba ta kai wa tsakiya, sai a koma gidan jiya. A fara shimfiɗa dogayen karare da 'yan rassa a ƙasa, kaurin ɗani ɗaya, don iska ta samu hanya ta gindi. Sai a riƙa zubawa ana cakuɗawa, ana wargaza dunƙulallen kashin nan da ya manne kamar laka. Kada kowa ya hau ya tattake, ko da ya ga kamar zai zube. Duk bayan taku ɗaya a kafa sanda mai kauri a tsakiya, in an gama a girgiza a zare, ramin da ta bari ya zama hancin kunyar. A ƙarshe a lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa ko buntu, kaurin ɗani guda. Wannan rigar ce take tare wari, ita ce kuma take hana ƙuda samun wurin yin ƙwai. Ban da leda, leda shaƙewa ce. Sannan a bar fili na taku 3 a ƙarshen kunyar ba a zuba komai ba, za ka ga amfaninsa.

Ruwa kuwa da hannu ake auna shi. Ɗebo daga ciki ka matse. In ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, a ƙara busasshe. In ka buɗe hannu ya wargaje, ya yi kaɗan, a yayyafa. Abin nema shi ne ya dunƙule kamar dawo, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito da ƙyar.

To, yaushe ake juyawa? A nan mutane suka fi ɓata wa kansu ƙarfi. Tarin ne yake faɗa, ba kalanda ba. Nemi rodi mai tsawon mita ɗaya da rabi, ka soka shi har tsakiya, ka bar shi minti 10, ka zare ka taɓa. Kwana 3 zuwa 4 bayan gini ya kamata ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi ba sai na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ya kai wajen digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin salshiyas, kuma shi ne zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙuda da yawancin irin ciyawa. Da sanyin asuba, in ka zare rodin, za ka ga tururi ya biyo shi kamar an buɗe tukunyar dambu. Muddin yana haka, ƙyale shi yana aikinsa. Ranar da ka ji zafin ya fara sauka, rodin ya koma ɗumi-ɗumi, iskar ciki ta ƙare, lokacin juyi ya yi. Haka ma in ya yi zafin da ko taɓawa ba ka iyawa, domin in ya haura 70 masu aikin da kansu mutuwa suke. In kuwa mako ya cika rodi yana fitowa da sanyi, duba shi: ya fito da caɓi da wari, ruwa ne ya yi yawa, ya fito a bushe ƙayau, ƙishirwa ce.

Yanzu ga amfanin filin nan na taku 3. Ba za ka sake juya tarin gaba ɗaya a rana ɗaya ba. Yau ka ɗauki taku 2 na bakin kunyar ka mayar da su cikin filin. Inda ka kwashe ya zama sabon fili, gobe taku 2 na gaba su koma can. Haka kunyar za ta riƙa matsawa kamar tsutsa, kullum aikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kuma kafin ka kai ƙarshe farkon ya sake neman juyi. Ka fara yaye rigar ka ajiye gefe. Na waje, wanda bai sha zafi ba, shi zai fara sauka ya zama tsakiyar sabon wurin, na tsakiya mai tururi kuma ya hau waje. In ba a yi haka ba, gefe zai ƙare bai dahu ba, da irin ciyawarsa da cutarsa. Shebur ba kayan wannan aiki ba ne, yana yanka ne yana ɗauko nauyi. Ka samu irin mai yatsu huɗu ɗin nan, in babu a kasuwa maƙeri zai ƙera maka, ka haɗa da manjagara don jawowa daga sama. Ka durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa, ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Kuma in ciwon nan yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ajiye komai ka je asibiti, ka ba ɗan ƙwadago juyin.

Sau nawa? Wani Bature masanin noma, Albert Howard, wanda ya yi aiki a Indore ta ƙasar Indiya daga 1924 zuwa 1931, sau 3 kacal yake juya nasa cikin wata 3, kuma taki yana fita. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya sun nuna in ana juyawa kullum ko bayan kwana biyu, mako 3 ya isa, amma wannan sai mai ƙaramin tari ko mai injin. A Amurka ƙa'idar doguwar kunya irin taka ita ce ta riƙe digiri 55 na kwana 15, a kuma juya ta aƙalla sau 5 a ciki. Ni a ganina, tunda kashin kaji ne, kuma latas kake yi wanda ake ci ɗanye, ka yi juyi 5 cikin mako 4 zuwa 5. Da masara za ka zuba wa, da na ce 3 ma sun wadatar. A makonnin farko ka hana kajin gida tonon wurin, ba ka san da wace cuta kashin ya fito daga inda ka sayo shi ba.

Ka kuma sani abokin gabarka ya kusa canzawa. Zuwa yanzu ruwa ne ya cuce ka, nan da 'yan makonni hunturu zai sauko ya busar da kunyar kamar kilishi. Duk juyi ka ajiye bokiti kusa, kana zubawa kana yayyafi, domin ruwan da aka kwara daga sama gangarewa yake ta gefe, ciki yana nan a bushe. Ka kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar take fitowa. In ka ga wani fari-fari kamar toka a ciki, zafi ya yi yawa ruwa ya yi kaɗan. Gara da tururuwa ma saƙon da suke kawowa ke nan. Gwazarma kuwa in ta bayyana can gaba, tsince ta ka watsa wa kaji.

Sai maganar da ba za ta yi maka daɗi ba: takin nan ba zai riski dashen farko ba. Bayan juyi na ƙarshe yana buƙatar ya kwanta mako 3 zuwa 4 ya huce. Za ka san ya nuna in an juya bai sake zafi ba, ya ragu kusan rabi, ya yi baƙi-baƙi yana marmashewa, ba ka gane kabeji daga kashi, yana ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Ko da ya yi haka, gwada shi. Cika gwangwani biyu, ɗaya ƙasa zalla, ɗaya rabi ƙasa rabi taki, ka shuka alayyafo a duka. In na takin ya ƙi fita ko ya fito rawaya, a ƙara masa kwanaki. Ni da nake gaya maka, ina sabon malamin gona na taɓa zuba kashin kaji da bai huce ba a gadon renon tumatir, a gaban manoma, ina ta bayani da alli a hannu. Kwana uku irin ya ƙone ƙurmus kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Wani dattijo da ya yi shiru ranar, shi ya ba ni iri daga nasa gadon, bai ce mini komai ba, kuma na fi shekara ina kauce wa hanyar gidansa.

Don haka dashen farko ka yi shi da tsohon busasshen taki na turke da ɗan takin zamani gwargwadon aljihunka. Naka in ya nuna sai ka bi gindin tumatir da attaruhu da shi, sauran ya tafi fangalin latas na zagaye na biyu. Kada kuma ka sa ran zai raba ka da buhu gaba ɗaya a shekarar farko. Yuriya naitirojin ɗinta kashi 46 cikin 100 ne, takin da aka haɗa kuwa da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 2. Ƙarfinsa a wani wuri yake: yana sa jigawa ta riƙe ruwa, yana sassauta laka, yana sa ɗan takin zamanin da ka sa ya zauna maimakon ban-ruwa ya wanke shi. In kana so ya yi auki, kada ka watsa ko'ina. Ka yi yadda manoman Tawa a Nijar suke yi da ramukan tassa, cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami, daidai inda saiwa za ta same shi.

Na bar maganar Baba a ƙarshe ne da gangan, don ni sa'ansa ne, kuma na san inda ya dosa. Gaskiya ya faɗa, su ba sa juya taki. Amma ka tambaye shi yadda nasu yake. Kashin awaki da tumaki ne a turke, dabbobi suna tattake shi da ragowar kara da karmami da fitsari wata da watanni, a share a tara, rana ta bi ta kansa, da rani a ɗora wa jaki a mangala a kai gona a jibge tsibi-tsibi, ba a baza shi sai ruwa ya kusa. Haka gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su kowace shekara ba hutu. Kofato ne yake yi musu juyin, lokaci kuma ya yi sauran. Abin da bai saba da shi ba shi ne kashin kajin gidan gona, mota guda, ɗanye, mai zafin da takin turke bai taɓa yi ba. Shawararsa daidai take a kan takin da ya sani. Kada ka tsaya gardama da shi a kan wannan, ba za ka ci ba, kuma bai dace ba. Ka je ka ce, Baba, na yi kuskure ban sa kara ba, ina ne zan samu, kuma wane wuri ka ga ya fi dacewa a ja kunyar? Ka roƙe shi baro biyu na tsohon takin turkensa don dashe. Dattijon da aka nemi shawararsa a kan aiki ba ya tsayawa gefe yana yi wa aikin dariya.

Ranar da kunyar ta cika kwana 4, in kun dawo daga masallaci da asuba, ka soka rodin, ku ɗan taɓa hira minti 10, sannan ka ce Baba ya zare da kansa. Ka dai gaya masa ya kama ta wajen da bai shiga ciki ba.